Wata uku kafin gwajin ƙarfin jiki na shiga aikin ɗan sanda: amsa ga wani matashi daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 21 daga Mai Wurno. Ina neman shiga aikin ɗan sanda, kuma ina sa ran za a kira mu gwaji nan da kamar wata uku. Da aikin gona na tashi, ba na tsoron wahala, amma da na gwada gudu sai na ga ko zagaye huɗu na filin ƙwallo ba na kaiwa haki ya tsayar da ni. Abokaina sun ce in riƙa gudu da tsakar rana sanye da rigar leda, kada in sha ruwa sai na gama, wai don in saba da wuya. Na yi haka kwana shida, yanzu ƙwaurina yana ciwo. Wani kuma ya ce akwai ƙwayar da ake sha ranar gwaji. Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Kafin komai, ka cire rigar ledar nan tun yau, ka daina gudun tsakar rana, kuma ka ba ƙafarka hutu har sai ka iya tafiyar sauri ta rabin sa'a ba tare da ƙwaurin ya motsa maka ba. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da motsa jiki a makarantun sakandare tsakanin Sinnar da Wad Madani, samari da dama sun bi ta hannuna a hanyarsu ta zuwa aikin ɗamara, kuma waɗanda na ga sun faɗi saboda rashin ƙarfi ba su kai yawan waɗanda suka faɗi saboda sun lahanta kansu a wajen shiri ba. Wata uku ya ishi mai shekarunka, da sharaɗin ka yarda cewa rabinsa na farko zai tafi ne a kan sassarfa, irin wadda abokanka za su yi wa dariya.

Abin da ya same ka a filin ƙwallo ba abin mamaki ba ne, domin ƙarfin noma daban, ƙarfin gudu daban. Mai yankan dawa ko riɗi a Gadarif, ko mai dakon buhu a kasuwar Sinnar, da damtse da baya da ƙugu yake aiki, yana yi yana miƙewa yana shan iska, zuciyarsa ba ta daɗewa tana bugu da sauri a jere. Shi kuwa gudu yana neman zuciya ta yi ta tura jini zuwa ƙafafu na minti goma ko goma sha biyar ba ƙaƙƙautawa, tsokar ƙafar kuma ta iya cin moriyar iskar da jinin ya kawo mata. Wannan ginawa ake yi, kuma yana ginuwa da wuri, don cikin mako uku zuwa huɗu za ka ji hakin ya ragu. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙashi da jijiyoyi ba sa tafiya da wannan saurin, watanni suke ɗauka kafin su saba da dukan ƙasa. Kowane taku na gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma a kilomita ɗaya mai sassarfa yana yin taku kusan dubu. Wanda bai taɓa gudu ba ya yi kwana shida a jere, ƙwauri ne zai fara kai ƙara.

Ka duba ciwon da kanka. Idan ya bazu ne a gefen ƙwaurin ta ciki, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa idan ka huta, to galibi gajiyar ƙashi ce da naman da ke manne da shi, hutun mako ɗaya ko biyu yana warware ta. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya ɗora masa yatsa, yana ciwo ko kana kwance da dare, kuma ba ka iya tsalle da ƙafar ɗaya, sai ka ga likita, domin yana iya zama tsagewar ƙashi, wadda hoton asibiti kansa sau da yawa ba ya nuna ta a makonni biyu ko uku na farko, kuma takan ci mako shida zuwa takwas kafin a koma gudu. A kwanakin hutun ka hau keke, yana riƙe maka numfashi ba tare da ya daki ƙafa ba. Da a wata ƙasa ce da na ce ka yi iyo, amma ba zan tura ka cikin tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, ba, saboda tsargiya.

Game da abin da za a gwada ku a kai, sanarwar ɗaukar aikin ta wannan karon ita ce alƙali, don sharuɗɗa kan sauya daga wannan duf'a, wato rukunin da ake ɗauka a lokaci ɗaya, zuwa waccan, kuma na masu shiga kwalejin ’yan sanda ba lallai su zama ɗaya da na ƙananan ’yan sanda ba. Ka kwafe alkalumanta a takarda ka liƙa a ɗakinka. Kada ka ɗauko ma'aunin wata ƙasa daga intanet ka auna kanka da shi. A Ingila da Wales, misali, gwajin shiga ɗan sanda kai-komo ne tsakanin layuka biyu masu tazarar mita 15, ana bin ƙarar na'ura har mataki na 5.4, jimilla mita 525 cikin kamar minti uku da rabi, a cikin ɗaki. A Nijeriya kuma abin da ’yan'uwanmu suka fi ambata shi ne tsayin mita 1.67 da faɗin ƙirji na santimita 86 ga maza. Kowa da nasa. Sai dai a yawancin wurare abubuwan ba sa wuce gudu mai nisa, da gajeren gudu na sauri, da dagat, wato mutum ya kifa bisa tafukan hannu da yatsun ƙafa yana sauke jikinsa yana ɗagawa, da motsin ciki da muke cewa batan, da ugla, wato jan jiki sama a kan sandar ƙarfe, wani lokaci da tsalle. Duk adadin da aka rubuta, ka yi niyyar wuce shi da tazara, saboda ranar gwaji akwai jira a rana, da fargaba, da mai ƙirga da ba ya yafiya.

Kafin ka koma gudu akwai zuwa ɗakin gwajin jini, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin shi ne sashen da samarinmu suka fi tsallakewa. Ka sa a auna maka yawan jini, da fitsari, da hawan jini, da nau'in jininka game da sikila. Mu da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo hanyar hajji kafin nan da bayan nan, mun zo da gadon jinin can, kuma a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon sikila, wanda ake rubutawa AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yawanci bai ma san yana da shi ba, yana noma yana ƙwallo kamar kowa. Amma idan aka haɗa masa gudu na iya ƙarfi, da zafin rana, da ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. Wani bincike da aka buga a 1987 a kan kuratan sojan Amurka ya nuna haɗarin mutuwar farat ɗaya a lokacin horo ya ninka kusan sau 28 ga masu AS idan aka kwatanta su da takwarorinsu baƙaƙen fata marasa shi. Wani kuma na 2016, a kan sojoji kusan 48,000 da aka horar bayan an shigo da ƙa'idojin kiyaye zafi da shan ruwa, bai sami ƙarin mutuwa ba, sai dai ya sami ƙarin kashi 54 cikin ɗari na haɗarin narkewar tsoka. Abin da na fahimta daga haɗa biyun shi ne AS ba ya hana gudu, ganganci ne yake mayar da shi haɗari, kuma shawarar da abokanka suka ba ka ta tattara duk abubuwan ukun a wuri ɗaya.

Narkewar tsoka ba ta masu AS kaɗai ba ce. Idan aka matsa wa tsokar da ba ta saba ba fiye da kima, sai ƙwayoyinta su fashe, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini ya je ya cushe ƙoda. Alamarta ita ce ciwon tsoka da ya wuce na gajiya, da kumburi, da kasala, da fitsari mai launin baƙin shayi ko karkade, wato zoɓo. Na taɓa raka wani ɗalibina asibiti a kan wannan. Yaro ne ƙaƙƙarfa da ya fi kowa dagat a ajinsu, ya shiga gasar tsugunna-tashi da abokansa da azahar saura kwana goma gwajinsa, washegari ya kasa sauka daga gado, fitsarinsa ya yi baƙi. Allah ya sa an yi masa ƙarin ruwa da wuri ƙodarsa ta tsira, amma duf'ar wannan shekara ta tafi ta bar shi. Duk ranar da ka ga fitsari irin wannan, asibiti za ka nufa a ranar, ba jiƙo ba.

Awon yawan jini kuma dalilinsa a fili yake. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro bayan damina da tsargiyar magudanan ruwa suna cinye jinin samari a hankali, kuma mai ƙarancin jini ko ya shekara yana gudu hakinsa ba zai ragu yadda ya kamata ba, tunda jinin ne ke ɗaukar iska. Duka biyun ana maganinsu. Idan zazzaɓi ya kama ka a tsakiyar shiri, ba gudu sai ka gama magani ka ƙara kwanaki jikinka a sanyaye, sannan ka dawo da rabin abin da kake yi a da. Idan an rubuta maka ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa a kan taifod, ka shaida wa likita cewa kana atisaye, domin magungunan danginsa suna raunana agara, har takan tsinke.

Da ƙafa ta warke, ka auna inda kake da gwajin minti 12, wanda likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968. Mutum yana gudu ne iya abin da zai iya riƙewa na minti goma sha biyu, sai a auna nisan. Ga namiji mai shekara 20 zuwa 29, mita 2,200 zuwa 2,400 matsakaici ne, 2,400 zuwa 2,800 ya yi kyau, abin da ya haura 2,800 kuwa ya yi fice. Cikakken filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 kewayensa mita 346 ne, don haka zagaye bakwai ya ɗan haura 2,400. Filayen unguwa ba su cika kai haka ba, saboda haka ka auna naka da igiya mai tsawon da ka sani, kada ka yi ta yaudarar kanka wata uku. Ka riƙa maimaita gwajin bayan kowane mako uku ko huɗu, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya, kana rubutawa.

Ga yadda zan raba maka makonnin. Biyun farko na jinya ne da keke da tafiyar sauri, a ƙarshensu ka fara sassarfar minti biyu da tafiyar minti ɗaya, sau takwas, rana ɗaya ka yi rana ɗaya ka huta. Daga mako na uku zuwa na shida, kwana uku a mako, daga baya huɗu, ka yi sassarfa zalla, kana farawa da minti ashirin kana ƙara kaɗan kaɗan har ka kai arba'in. Ma'aunin saurin shi ne ka iya yi wa abokin gudunka magana jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke maka ita ba. Idan ba ka iyawa, ka rage. Na san wannan yana yi wa samari nauyi, suna ganin gudun da bai sa mutum amai ba wasa ne, amma a irin wannan gudun ne zuciya take ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini suke yawaita a cikin tsoka, ƙashi kuma yake samun damar ƙarfafa. Ko masu tseren mita 800, nisan da Isma'il Ahmad Isma'il ya ciyo wa Sudan lambarta ta farko ta Olamfik a Beijin a 2008, ba sa yin gudun iya ƙarfi kullum, suna da ranakun sassarfa masu yawa a makonsu.

Daga mako na bakwai zuwa na goma sai a shigo da sauri, kuma sau biyu a mako ya wadatar. Rana ɗaya ta zagaye-zagaye ce. Idan burinka mita 2,400 cikin minti 12, wato minti biyar a kowace kilomita, zagayen cikakken fili zai ci minti ɗaya da sakan 44, sai ka riƙa yin sa a kan minti ɗaya da sakan 35 zuwa 40, ka yi tafiyar minti ɗaya da rabi, ka sake, har sau shida, kana ƙarawa a makonnin gaba zuwa takwas ko goma. Sharaɗin shi ne zagaye na ƙarshe ya yi daidai da na farko. Wanda ya yi na farko kamar an biyo shi, na shida kuma yana jan ƙafa, bai koyi komai ba sai faɗuwa. Rana ta biyu gudu ne na minti goma sha biyar zuwa ashirin a jere, da saurin da za ka iya furta kalma biyu ko uku kawai. Sauran kwana biyun sassarfa ce, ɗaya doguwa ɗaya gajeriya. Don gajeren gudun sauri, bayan sassarfar ka yi mita sittin zuwa tamanin sau huɗu, kana ƙara sauri a hankali har kusa da iyakarka. Kada ka taɓa fizgar gudu da sanyin jiki, nan ne tsokar bayan cinya take yagewa.

Ƙasa mai tauri ta gefen fili ta fi kwalta sauƙi ga ƙwauri, rairayi mai zurfi kuma yana wahalar da agara. Baƙar ƙasarmu idan ta tsattsage da rani tarkon targaɗe ce, don haka kada ka yi gudu a kanta da duhu. Takalmi ko na gwanjo ne ya yi, in dai na gudu ne kuma akwai sararin babban yatsa ɗaya tsakanin yatsunka da bakinsa. Markub, wato takalminmu na fata na gargajiya, da silifa da takalmin ƙwallo mai ƙusa ba na wannan aikin ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma akwai ƙarin abin lura: ka fita bayan gari ya waye, ku biyu ko uku, da katin shaidarka a aljihu, kuma ka tsaya a filin da mutane ke takawa kullum, ka guji kangwaye da filayen da aka yi faɗa, inda ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suke iya kasancewa.

Sai batun zafi, wanda abokanka suka hango gaskiya a cikinsa amma suka bi ta ɓarauniyar hanya. Gaskiya ne ana iya tsayar da ku har rana ta take kafin a ce ku yi gudu, kuma a Afrilu da Mayu zafin tsakiyar Sudan yana haura digiri 40. Gaskiya ne kuma jiki yana sabawa da zafi: cikin kwana goma zuwa goma sha huɗu na motsa jiki a cikinsa, ruwan jini yana ƙaruwa, gumi yana fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin cikinsa yana raguwa, bugun zuciya yana sauka. Amma da ƙishirwa jiki ba ya sabawa, ko an shekara ana hana shi ruwa. Gumi kuma ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata, ita kuwa leda aikinta ke nan hana shi bushewa, don haka mai ita yana zubar da ruwa zafin kuma yana nan a ciki. Nauyin da yake murnar ya rage ruwa ne, yana dawowa da kofi biyu. Hanyar da ta dace ita ce ka yi duk gudunka mai wuya da sanyin safiya, sa'an nan a mako uku na ƙarshe ka mayar da wasu ranakun sassarfa zuwa hantsi, ka fara da minti goma sha biyar, da riga mara nauyi mai haske, da ruwa a gefen fili, da wani yana kallonka. Idan aka kira ku garin bakin teku irin Bur Sudan, inda laimar iska ke hana gumi bushewa, ka yi ƙoƙarin isa da ’yan kwanaki a gaba.

Ku duka masu gudu tare ku san wannan: idan ɗayanku ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya faɗi, to ku ɗauka bugun zafi ne, ko da yana gumi. A kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, in da ƙanƙara a sa, in da baho a tsoma shi. Sanyayawa ake fara yi tun kafin mota ta iso, domin rabin sa'ar farko ita ce mai muhimmanci.

Mai gudu a zafinmu yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a sa'a, kuma da zarar ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo ɗaya da ɗan kai ga mai kilo 65, gudunsa ya fara lalacewa. Ka hau sikeli kafin gudu da bayansa sau biyu ko uku don ka san kanka. Kowane kilo da ya tafi lita ɗaya ce, ka mayar da lita ɗaya da rabi a cikin sa'o'in da suka biyo baya. Ka sha kamar rabin lita sa'a biyu kafin fita. A ranar da gumi ya yi yawa, ruwan gishiri da sukari na asibiti ya fi ruwa zalla, in babu shi ka haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ɗura wa ciki ruwa fiye da buƙata shi ma yana da illa, yana tsinka gishirin jini. Fitsari mai ɗan ruwan ɗorawa mai haske shi ne shaidar cewa ka daidaita.

Dagat da ugla da batan ba za su ba manomi wahala ba, abin da ke kayar da shi yawanci siffa ce. Mai ƙirga ba ya ƙirga dagat ɗin da ƙugu ya lotsa ko ƙirji bai sauka ba, saboda haka ka koyi yin sa jiki a miƙe kamar katako, ka sauka sosai, ka miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya. Ka gano iyakar abin da kake iyawa, ka riƙa yin rabinsa sau biyar da hutun minti ɗaya, kwana uku a mako, kana sake auna iyakar duk mako biyu. Idan ugla ta ƙi ko ɗaya, ka taka wani abu ka kai haɓa saman sandar, ka sauko a hankali cikin sakan biyar, sau biyar ko shida, da haka ta farko take zuwa. A batan kada ka ja wuyanka da hannu. Idan gwajin na lokaci ne, ka riƙa yi da agogo tun yanzu.

Abincin gida ya isa. Mai kilo 65 da ke irin wannan atisaye yana buƙatar kamar giram ɗari na sinadarin gina jiki a rana, kuma ful da adas, waɗanda dangin wake ne, da dakwa, da madara, da kifin kogi, da ƙwai, wanda kowane ɗaya yake da kamar giram shida, suna kai shi can, kisra da asida, abincinmu na garin hatsi, kuma su ne man gudun. Agashe in an samu ba laifi. Ka matsa lemon tsami a kan ful da adas, ka jinkirta shayi sa'a ɗaya bayan cin abinci, don shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Tumbak, wato tabar da ake sawa a leɓe, da sigari suna ɗaga bugun zuciya, wannan ne lokacin rabuwa da su. Barci ya kai sa'a bakwai zuwa tara. Idan azumi ya faɗo cikin shirin, ka mayar da gudu mai wuya bayan buɗa-baki da sa'a biyu ko bayan asham. Tsayi kuwa ba a ƙara shi da rataya a ƙarfe, sai dai ka sani mutum ya fi tsayi da kamar santimita ɗaya da safe, kuma tsayuwa a miƙe ba ha'inci ba ce.

Ƙwayar da aka yi maka tallarta, ina kyautata zaton tramadol ce ko danginta, ka nisance ta. Ba ta ƙara iska a jini, jin ciwo take dusashewa, kuma ciwo shi ne ƙararrawar da ke gaya maka ka tsaya kafin ɓarna ta auku. Tana kawo jiri da amai, tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a gasa tun Janairun 2024, kuma mai neman aikin kama masu sayar da ita bai kamata a same ta a fitsarinsa ba. Ko ibuprofen da diclofenac kada ka sha kafin gudu a zafi, domin idan suka haɗu da ƙarancin ruwa ƙoda suke taɓawa. Finjalin jabana ɗaya, wato gahawa, ga wanda ya saba, ba shi da laifi.

A mako na goma sha ɗaya ka yi cikakken gwaji na gwaji, duk abubuwan a rana ɗaya, a lokacin da kake zaton za a yi na gaske, wani yana ƙirga maka da tsanani. Mako na ƙarshe ka rage yawan gudun da rabi, ka bar ɗan sauri kaɗan don ƙafa kada ta yi sanyi, kwana biyun ƙarshe ka huta. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk abin da ka ƙara a wannan makon gajiya ce kawai za ka ɗauka zuwa filin. Mun saba da shayin safe, fatur, wato karin kumallo, sai wajen ƙarfe goma, amma ranar gwaji ba ka san sa'ar da za a kira layinku ba, don haka ka saba tun yanzu da cin abu mara nauyi da asuba, kamar burodi da dabino da shayi, ka tafi da ruwa da ƙarin dabino da abin rufe kai, ka zauna a inuwa duk lokacin da aka ba da dama. Takalmin da ka yi atisaye da shi za ka sa. Idan aka busa usur za ka ga rabin layin sun fizga kamar tseren mita ɗari, ka ƙyale su, ka riƙe saurin da ƙafarka ta haddace a zagaye-zagayen nan, yawancinsu za ka tarar da su kafin rabin hanya. In ka ƙetare layi kada ka zube a ƙasa, ka ci gaba da takawa har numfashi ya dawo.

Idan ƙwaurin ya warke ka yi gwajin minti goma sha biyun, ka aiko mini da adadin zagayen, da kewayen filin da ka auna, da sakamakon awon jinin, sai in daidaita maka lokacin kowane zagaye a kan abin da ka samu. Ka gaishe mini da mahaifinka.